Aiki da Godiya

Ya ɗan'uwana mai karatu, kai da ka ke zaune a Damari, ko a ƙauyukan Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, sa'anda maƙwabcinka ya iske ka a gona ya ce, "Ina aiki?" ka kan amsa masa ka ce, "Aiki da godiya." Bakinka ya saba da wannan tun kana yaro. Amma ko ka taɓa tambayar ranka, wa ka ke gode wa, domin me kuma? Tun da shi ke ka soma bin Yesu Kristi, ko kuwa kana neman sanin hanyarsa, ya kamata ka fahimci godiya, gama ba ta rabuwa da sujada.

Cikin Bishara ta hannun Luka, sura 17, an ba da labarin kutare goma. Yesu yana tafiya Urushalima, ya bi ta iyakar Samariya da Galili, sai suka tsaya daga nesa, gama shari'a ta hana su kusantar mutane, suka ɗaga murya suna roƙon jinƙai. Ya aike su wurin firistoci, waɗanda su ne masu duba kuturu su shaida ya tsarkaka. Suna cikin tafiya, sai cutar ta rabu da su duka. Tara suka wuce gaba. Ɗaya kaɗai, shi kuwa Basamariye ne, baƙo wanda Yahudawa ba su cin abinci da irinsa, ya juyo yana yabon Allah da murya mai ƙarfi, ya faɗi a gaban Yesu yana godiya. Ubangiji fa ya tambayi inda sauran su ke.

Kada ka ce wannan labarin wata ƙasa ce mai nisa. A ƙarshen shekarun 1930 masu mishan na SIM suka karɓi aikin jiyyar kutare a Babbar Ruga, kusa da birnin Katsina. A zamanin nan maganin allurar wani mai ne na itace, mutum ya kan yi shekaru ana yi masa. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da haɗin magunguna wanda ya ke warkar da kuturta cikin wata 6 ko 12. Wanda ya warke ta hannun likita, Allah ne ya warkar da shi. Tambayar Ubangiji kuwa tana kansa kamar yadda ta ke kan goman nan.

Ka lura da kyau: taran nan ba su rasa murna ba. Lalle sun yi farin ciki, suna ɗokin ganin iyalinsu. Sun riƙe kyautar, sun bar mai kyauta. Godiya ita ce mutum ya juyo daga abin da aka ba shi, ya komo wurin wanda ya ba shi. Domin wannan ta zama sujada.

Godiya kuma ba ciniki ba ce. Waɗansunmu sun tashi a gidajen da a kan yanka kaza ko akuya saboda iskoki, domin gona ta yi kyau ko ciwo ya kau: ka bayar domin a ba ka. Allah ba haka ya ke ba. Ya ba ka rai ba ka roƙa ba. Ya aiko da ruwa a kan masararka da dawarka da audugarka, da gonar mai ibada da ta marar ibada. Fiye da duka ya ba da Ɗansa domin zunubanka tun ba ka san sunansa ba. Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici. Ba ka da abin da za ka biya Allah da shi. Abin da ya ke nema shi ne ka san Mai bayarwa, ka yabe shi.

Watakila za ka ce, "Malam, maganarka ta masu cikakken rumbu ce. Ni 'yan bindiga sun kore mini shanu, gonata ta nesa ta gagare ni zuwa, na sayar da ta kusa na fanshi ɗan'uwana. Da me zan gode?" Ba mu raina kukanka ba. Mun tuna daren 11 ga Disamba 2020, sa'anda aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kwana a Ƙanƙara, da murnar iyaye da aka sako su bayan kwana shida. Mun kuma sani akwai gidaje da yawa a ƙasar nan waɗanda nasu ba su komo ba. Allah ba ya ce ka gode domin mugunta ba. Mugunta abar ƙi ce a gare shi, za ya kuwa shar'anta ta. Ka yi kuka, ka kai ƙara gare shi, gama da yawa cikin littafin Zabura kuka ne. Amma cikin wahalar akwai abin da mai bindiga ba shi da iko ya kora: gafarar zunubi, da kasancewar Ubangiji tare da kai, da begen tashi daga matattu.

Dubi Bulus da Sila a Filibi, cikin Ayyukan Manzanni sura 16. An yi musu bulala, an sa ƙafafunsu a turu, duk da haka da tsakar dare suna addu'a suna raira yabo, tun ƙofar kurkuku ba ta buɗe ba. Dubi Ubangiji kansa: a daren da aka bashe shi ya ɗauki gurasa da ƙoƙo ya yi godiya, yana sane da giciyen da ke jiransa. Godiyar mai bi ba ta jiran kaka.

To, ƙaƙa za ka yi? Na fari, kada ka sa hannu a akushi sai ka gode, ko tuwo ne da miya, ko kunu kaɗai, 'ya'yanka kuma su ji. Na biyu, kowane dare ka ambaci alheri uku na yinin nan da sunansu, gama godiyar da ba ta ambaci kome ba ta kan zama al'adar baki. Na uku, sa'anda ka shiga sujada tare da ikilisiya, ka fara da yabo kamin roƙo. Na huɗu, ran godiyar kaka ka kawo baikonka da fara'a, dami ko mudu, gwargwadon abin da ka samu, ba domin a gan ka ba. Na biyar, ka tuna da gwauruwa da maraya da wanda ya gudo daga ƙauyensa, Kirista ko Musulmi. Hatsin da ka auna masa godiya ce wadda Allah ya ke gani. Na shida, ka gode wa mutane: matarka da ta yi daka, da maƙwabcin da ya zo maka gayya. Wanda ya yi wa mutum butulci ba za ya iya gode wa Allah ba.

Ɗan'uwa, goma aka warkar, ɗaya ya komo. Gobe kadan an ce maka, "Ina aiki?" ka amsa da zuciyarka duka. Yanzu kuwa ka durƙusa ka yi addu'a haka:

Ya Allah Ubana, na ci naka na sha naka, sau da yawa na wuce ban waiwaya ba. Ka gafarta mini. Na gode domin raina, da abincin yau, da Yesu Mai Cetona. Ka koya mini yabonka ran yalwa da ran rashi. Amin.