Hurumin Jami'a: Haƙƙin Magana da Haƙƙin Zama Lafiya a Idon Ɗan Arewa

Babu jami'a a Dogon Dutsi, babu kuma a Tibiri, amma duk lokacin da aka rufe harabar Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai saboda zanga-zanga, gidajen da ke jere a Dallol Mauri suna cikin waɗanda abin ke fara taɓawa, domin ɗalibin da ya fito daga ƙasar Arewa, wato ƙasar Arawa da ke gabashin jihar Doso, galibi ba shi da gidan uba a babban birni, kuma rayuwarsa duka ta rataya ne a kan gadon kwana na jami'a, da tikitin cin abinci, da bursi, wato kuɗin tallafin karatu da gwamnati ke biya. Saboda haka tambayar da masana falsafa suka daɗe suna jujjuyawa, ta inda haƙƙin mutum na faɗin ra'ayinsa ya tsaya da inda haƙƙin jama'a na zama lafiya ya fara, ba tambayar littafi ba ce kawai ga manomin Matankari ko na Koremairuwa da ya sayar da wake da akuya don ɗansa ya kai aji na ƙarshe.

Kalmar oda, wadda hukumomi ke yawan kafa hujja da ita, tana ɗauke da ma'ana biyu da ake cakuɗawa, wani lokaci da gangan. Ma'ana ta farko ita ce shiru, wato kada a ji hayaniya, kada a ga taro, kada a tare hanya. Ma'ana ta biyu ita ce tsari, wato a ce kowane mai ƙorafi ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, da wanda zai amsa masa, da lokacin da amsar za ta zo. Ana iya samun shiru ba tare da tsari ba, kamar yadda ake samunsa a gidan da maigida ya tsorata kowa, kuma irin wannan shirun bashi ne da ake tarawa, ranar biyansa tana nan tafe. Tarihin ɗaliban Nijar ya nuna cewa yawancin ranakun da aka zubar da jini sun biyo bayan watanni ne na takardun koke da ba a amsa ba, da bursin da aka daɗe ba a biya ba, ta yadda titi ya zama ƙofa ta ƙarshe bayan an rufe sauran.

Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ita ce ma'aunin da ake auna wannan magana da shi a Nijar. Harabar jami'ar tana Harobanda ne, a gaɓar dama ta kogin Kwara, ofisoshin gwamnati kuma suna ɗaya gaɓar, kuma a wancan lokacin Gadar Kennedy ce kaɗai ke haɗa ɓangarorin biyu, ta yadda duk wanda ya riƙe gadar ya riƙe muryar ɗalibai. A ranar, ɗaliban da ke ƙarƙashin ƙungiyar USN, wadda aka kafa tun 1960 kuma ta haɗa ƴan jami'a da ƴan makarantun sakandare, sun fito don nuna ƙin amincewa da shirin tsuke bakin aljihu a fannin ilimi da gwamnatin Janar Ali Saibou ta ƙulla da Bankin Duniya, sai jami'an tsaro suka buɗe musu wuta a bakin gadar, aka kashe ɗalibai uku: Issaka Kaïna, da Alio Nahantchi, da Abdou Maman Saguirou. Abin da ya kamata mai nazari ya tsaya a kansa shi ne cewa harbin, wanda aka yi da sunan kare oda, shi ne ya rushe odar da ake neman karewa, domin mako guda bayansa jama'ar Yamai suka fito da yawan da ba a saba gani ba, ƙungiyar ƙwadago ta USTN ta haɗa kai da ɗalibai, kafin shekarar ta ƙare gwamnati ta amince da tsarin jam'iyyu da yawa, sannan aka zauna Babban Taron Ƙasa daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 ƙarƙashin jagorancin Farfesa André Salifou, inda ɗalibai suka zauna a matsayin ɓangare mai ƙuri'a. Har yau USN tana tunawa da ranar duk shekara tana neman a hukunta masu laifi, kuma rashin wannan hukunci yana cikin dalilan da suka sa ɗalibi bai yarda da kalmar oda daga bakin hukuma ba.

Malaman Musulunci ba su ɗauki wannan matsala da sauƙi ba, kuma ba adalci ba ne a jingina musu fuska ɗaya. A gefe guda akwai wajibcin umarni da kyakkyawa da hani ga mummuna, wanda ya haɗa da faɗa wa mai mulki gaskiya, kuma Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo da kansa, a cikin Kitabul Farƙi, ya jera zaluncin sarakunan Hausa na zamaninsa, da harajinsu da ƙwacen dukiyar talaka, ba tare da ɓoye-ɓoye ba. A ɗaya gefen akwai tsoron fitina, wato rikicin da ke tarwatsa al'umma har a rasa mai kare mai rauni. Imamu Gazali, a babin da ya keɓe wa wannan aiki cikin Ihya'u Ulumiddin, ya tsara shi hawa-hawa, daga sanar da mai laifi, zuwa nasiha cikin laushi, zuwa kakkausar magana, kafin a kai ga sa hannu, kuma ya gindaya sharaɗin kada gyaran ya haifar da ɓarnar da ta fi wadda ake son kawarwa. Abin da ake yawan mantawa shi ne wannan sharaɗi yana hawa kan kowa: idan ya hana ɗalibi ƙona motar da ba ta san hawa ba balle sauka, to ya fi ƙarfin hana hukuma kashe rai don buɗe hanya, tunda rai ya fi hanya, kuma wanda ya fi ƙarfi shi ne nauyin haƙuri ya fi hawa kansa. Mai wa'azin da ya ambaci fitina ga ɗalibai kaɗai, bai ambace ta ga wanda ya riƙe bursinsu ba, ya karanta rabin babi ne.

Daga falsafar Turai, bayanin John Stuart Mill na Ingila a littafinsa kan ƴanci na shekarar 1859 yana taimakawa wajen shata iyakar. Ya kawo misalin mai cewa ƴan kasuwar hatsi su ne ke kashe talaka da yunwa, inda ya nuna cewa wannan ra'ayi a bar shi ya yaɗu a jarida, amma ana iya hukunta mai faɗinsa idan ya furta shi ga taron da ya harzuƙa a ƙofar gidan ɗan kasuwar. Iyakar, a nan, ba ta kan zafin magana ko rashin daɗinta ga masu mulki ba ce, tana kan lokacin da magana ta koma tilastawa. Ɗalibin da ya ce minista ya gaza, ko ya rubuta haka a allo ya ɗaga, bai taɓa kowa ba. Amma wanda ya jera duwatsu da tayoyi masu wuta a kan babbar hanya ta 1, wadda ta ratsa Doso da Dogon Dutsi ta nufi Birnin Ƙonni da Maraɗi, ya riga ya sa direban da ya ɗauko albasa da matar da ake gaggawar kaiwa asibiti sun biya bashin da ba su ci ba. Wannan gaskiya ce da ba ta da daɗi ga mai ƙaunar ɗalibai, amma ba ta gushewa don an ƙi ta. Sai dai wanda ya yarda da ita dole ne ya yarda da abokiyar tafiyarta, cewa jerin gwanon da aka sanar, aka tsara masa hanya da lokaci, ko da ya jinkirta motoci na sa'a biyu, wahala ce irin wadda ake jurewa ranar kasuwa ko ranar hawan salla, ba ta kai dalilin barkonon tsohuwa ba. Dokar Nijar ta 2004 kan zanga-zanga a titi ta ginu ne a kan sanarwa tun da wuri, amma yawan hana taro da hujjar tsoron tashin hankali ya mai da sanarwar kamar neman izini, kuma idan aka toshe halal sai mutane su koyi haram.

Ƙasar Arewa tana da wani tsohon tsari da ke haskaka batun ta wata fuska. A tarihin Mauri, mutanen wannan ƙasa, wanda Marc-Henri Piault ya yi nazarinsa mai zurfi, iko bai taru a hannu ɗaya ba: akwai ƴan ƙasa, Gubawa, waɗanda suka fara zama kuma suke riƙe da alƙawarin ƙasa, irin su Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji, akwai kuma gidan sarauta da ya zo daga baya yana riƙe da doki da takobi. Kowane ɓangare yana da fagensa, kuma zaman lafiya ya dogara ne a kan kada mai takobi ya shiga inda ba nasa ba. Jami'a ma tana da irin wannan da'awa, wadda a tsarin da Nijar ta gada daga Faransa ta hana jami'an tsaro shiga haraba sai da kiran shugaban jami'a, kuma babu kalmar da ta fi dacewa da ita a Hausa kamar hurumi, wato filin da aka keɓe, aka sani cewa ba a taɓa shi. Dalilin hurumin jami'a shi ne bincike ba ya yiwuwa inda ake tsoron tambaya, kuma ƙasa da kanta ce ke cin ribar samun wuri ɗaya da za a faɗa mata kuskurenta kafin ya girma.

To amma hurumi amana ce, kuma a nan ne ƙungiyar ɗalibai take da nata hisabin. Ranar 10 ga Afrilu 2017 ɗalibi Malah Bagalé ya rasu yayin tarwatsa zanga-zanga a Yamai, ɗalibai suka ce gwangwanin barkonon tsohuwa ne ya same shi, hukuma ta ce faɗuwa ya yi. Aka rufe haraba, aka sauya wa ministan ilimi mai zurfi Mohamed Ben Omar ma'aikata, daga baya kuma kotu ta ɗaure wasu ƴan sanda uku da aka gani a bidiyo suna dukan ɗalibi. A wannan rana hujja tana tare da ɗalibai. Amma ba a cika shekara ba, a Fabrairu 2018, ƙungiyar malaman jami'a ta SNECS ta shiga yajin aiki bayan ta zargi ƴan CASO, wato kwamitin ɗalibai da ke kula da walwala da tsaron haraba, da cin zarafin wani malami, rikicin da ya kai ga korar wasu shugabannin ɗalibai da sake rufe harabar. Kwamitin da aka kafa don ɗalibai su tsare gidansu da kansu, kada a samu dalilin kiran ƴan sanda, idan ya zama shi ne ake tsoro, ya shigo da kulkin da aka kafa hurumi don a hana shi shigowa. Haka nan, a duk inda aka fitar da ƴan aji da ƙarfi don su shiga jerin gwano, ko aka hana mai saɓanin ra'ayi magana a babban taron ƙungiya, an tauye ainihin haƙƙin da aka fito nema, domin ƴancin magana ya haɗa da ƴancin cewa a'a ga ƴan uwa, wanda sau da yawa ya fi wuya a kan cewa a'a ga gwamnati.

Maƙwabta sun ɗanɗana irin wannan. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ranar 23 ga Mayu 1986, zamanin shugabancin Farfesa Ango Abdullahi, saɓanin da ya faro daga ladabtar da shugabannin ɗalibai ya ƙare da shigowar ƴan sanda da kashe ɗalibai, abin da ya bazu zuwa sauran jami'o'in Najeriya. Matsalar da zama ɗaya a ofis zai iya kashewa ta zama ta ƙasa baki ɗaya tun daga lokacin da aka miƙa ta ga masu bindiga.

Akwai kuma hukuncin da ake ɗauka mai sauƙi ne saboda ba ya zubar da jini, wato rufe haraba da korar kowa daga ɗakunan kwana, ko abin da ake kira farar shekara, shekarar da aka soke karatunta gaba ɗaya kamar ba a yi ba. Wannan hukunci ba ya bambanta wanda ya jefa dutse da wanda ke ɗakin karatu, kuma nauyinsa ba daidai yake sauka ba: ɗan babban ma'aikaci yana tsallaka gada ya kwana gidansu, ko a tura shi wata ƙasa ya ƙarasa, shi kuwa ɗan Dogon Dutsi ko Tibiri sai ya nemi kuɗin motar tafiyar kusan kilomita 300, ko ya raɓa a masallaci da kayansa. Kafa jami'ar Doso a 2014 ya rage nisan ga wasu fannoni, amma bai canja wannan lissafin ba. Ɗaliba kuwa, idan ta koma gida a tsakiyar shekara ba tare da sakamako a hannu ba, tana komawa ne inda masu neman aurenta ke jira, kuma iyayen da suka yi ta haƙuri da maganar dangi suna rasa abin da za su ƙara faɗa. Da yawa daga cikin waɗanda rufewar ta mayar gida ba sa cikin waɗanda ake ƙirgawa ranar da aka sake buɗe ƙofa.