Ba a Shiga Gida Sai da Sallama

Karatu: Maimaitawar Shari'a 6:4-9, Markus 10:13-16



Wata Lahadi bayan an tashi sujada a nan Gafasa, wata uwa daga zumuntar mata ta tsayar da ni a bakin majami'a, ranta a ɓace. Ɗanta mai shekara 7 yana zaune wurin ƙanwarta a birnin Kano, yana karatu a wata firamare ta kuɗi. Da ya zo hutu, ta same shi da yamma a bayan rumbu ya ɗaura zanenta, ya kafa ɗaurin ɗankwali, yana rangwaɗa yana maƙale murya, ƙannensa suna ta dariya. Ta tambaye shi inda ya koyo. Ya ce a bikin rufe makaranta aka kawo wani ƙaton namiji cikin shigar mata, ya yi rawa, ya yi barkwanci, malamai suka yi masa liƙi, aka ce yara su tafa. Takardar da makaranta ta aiko kafin bikin ta faɗi kuɗin da za a biya da irin rigar da yara za su sa. Ba ta faɗi wanda zai tsaya a gabansu ba.

Ta ce, "Mai bishara, zanen dai na karɓe abina. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ba wanda ya tambaye ni."

A kan maganar nan tata nake so mu yi tunani yau.

Ba a kanmu aka fara wannan gardama ba. A shekarar 2015, a birnin San Faransisko na Amurka, aka fara wani shiri inda maza masu shigar mata da kwalliya suke karanta wa ƙananan yara littattafan labarai a ɗakunan karatu. Daga nan ya bazu zuwa wasu birane da wasu makarantu, har Ingila. Masu goyon baya suna cewa yana koya wa yara kada su raina wanda ya bambanta da su. Iyaye da yawa kuwa suka ce ba su yarda ba. A jihar Merilan kuma, hukumar makarantun wata gunduma ta sa littattafan da suka shafi auren jinsi da sauya jinsi a azuzuwan firamare. Da farko ta bar iyaye su fitar da 'ya'yansu lokacin darasin, daga baya ta janye wannan dama. Iyaye Musulmi da Kirista suka haɗa kai suka kai ƙara. A watan Yuni 2025 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 6 a kan 3, ta goyi bayansu: a sanar da iyaye tun da wuri, a kuma bar su su fitar da 'ya'yansu. Wannan shari'a a kan littattafai aka yi ta, amma tambayar ɗaya ce da ta uwar nan ta Gafasa: wa yake da ikon buɗe ƙofar zuciyar yaro?

Maganar Allah ba ta bar mu cikin duhu ba. Zabura 127:3 ta nuna cewa 'ya'ya daga wurin Ubangiji suke. A karatunmu na yau kuma, hannun iyaye Musa ya danƙa aikin koyar da su, a zaune a gida, a kan hanya, lokacin kwanciya da lokacin tashi. Malamin makaranta mutum ne mai daraja, aikinsa da wuya, albashinsa kuma bai kai wahalarsa ba. Amma amana aka ba shi. Idan ka ba makiyayi saniyarka kiwo, yana da ikon zaɓar mata ciyawa da wurin shan ruwa ba tare da ya zo wurinka kowace safiya ba. Amma ba zai kai ta kasuwar Wudil ya sayar, ko ya canza mata shaida, sai da saninka. Haka malami zai koyar da lissafi da rubutu ba sai ya nemi izini ba. Idan magana ta kai ga mene ne namiji, mece ce mace, da yadda mutum zai ɗauki jikinsa, to an zo ƙofar cikin gida. A ƙasar Hausa kuwa ko hakimi ne ya zo, a zaure yake tsayawa ya yi sallama.

Mu masu bi ba mu ɓoye matsayinmu. Farawa 1:27 ta koya mana cewa Allah ne ya yi mutum namiji da ta mace, Maimaitawar Shari'a 22:5 kuma ta hana namiji sa tufafin mata, ta hana mace sa na maza. Saboda haka idan aka tambaye ni ko a kawo mai irin wannan wasa gaban 'yan firamare, amsata a'a ce. Amma ko wanda bai karanta Littafi Mai Tsarki ba, ko wanda yake ganin ba kome a wasan, ya kamata ya yarda da ni a kan abu ɗaya: a tambayi iyaye tukuna.

Wani zai ce, "Ai wasa ne kawai, don a yi dariya." A wurin babba haka ne. Yaro mai shekara 6 ko 7 bai iya raba wasa da darasi ba. Duk abin da ya ga malaminsa ya tafa wa, a wurinsa ya zama karatu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ba ruwan ɗanyen icce da ko mai tanƙwarawar da wasa yake yi.

Wani kuma zai ce, "To tashe fa? Kowace shekara, daga goma ga watan azumi, yara suna bin gidaje, wani ya yi shigar tsoho, wani ta mace, yarinya ma ta sa rigar namiji, kuna dariya kuna ba su hatsi. A wasan kwaikwayon Kirsimeti ma mun taɓa ganin yaro ya fito a matsayin mace." Wannan tambaya tana da nauyi, bai kamata mu kauce mata ba. Akwai masu bi da ko waɗannan ba sa so, kuma ina girmama lamirinsu. Amma ka lura da yadda ake tashe. Yaran unguwa ne, kowa ya san ɗan gidan wane ne a cikin zanen. A ƙofar gida suke tsayawa, a gaban idon iyaye. Mai gida yana iya cewa su shigo, yana iya cewa su yi gaba. A makaranta kuwa yaro ba shi da ikon tashi ya fita, uwarsa ba ta nan, baƙon babba ne, kuma da sunan makaranta ya tsaya. Masu tashe sun yi sallama. Makarantar nan ba ta yi ba.

Na uku zai ce, "Ba ku son yara su koyi tausayin wanda ya bambanta da su?" Muna so ƙwarai. Sai dai ka duba abin da yaron nan ya koyo. Ya koyo yadda ake kwaikwayon mutum a yi masa dariya. Tausayi a gida ake shuka shi, ranar da yaro ya ji mahaifinsa ya tsawata wa masu yi wa wani ihu a hanya.

Ɗan'uwana, mu Kiristocin ƙasar Kano mun fi kowa sanin darajar wannan izini. Mu 'yan kaɗan ne a tsakiyar maƙwabta masu wani addini, 'ya'yanmu kuma aji ɗaya suke zama da nasu. Sashe na 38, ƙaramin sashe na 2 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi koyarwar addini ko ibadar da ba ta addininsa ba, ko wadda iyayensa ba su amince da ita ba. Mun sha jingina da wannan sashe. To mudun da muke so a auna mana, da shi za mu auna wa wasu (Matiyu 7:12). Idan ikkilisiya ta buɗe makaranta, maƙwabci Musulmi ya kawo ɗansa don ya koyi boko, ba mu da ikon cusa masa abin da ubansa bai sani ba. Mu gaya wa uban a fili abin da muke koyarwa, shi ya zaɓa. Wanda yake neman a yi sallama a ƙofarsa, ya daina haura katangar wani.

Akwai kuma gargaɗi. A watan Oktoba 2023 gwamnatin Kano ta hana amfani da littafin Queen Primer a makarantu, bayan an yi ta ƙorafi a kan wata kalma da ke cikinsa. Wannan ya nuna cewa muryar iyaye tana da ƙarfi. Amma littafin tsoho ne, iyaye da yawa da shi suka koyi haɗa baƙaƙen Turanci, kalmar kuma a Turancin zamanin da aka rubuta shi farin ciki take nufi, daga baya ne ma'anarta ta koma kan masu neman jinsinsu. Ko ka goyi bayan hanin ko ba ka goya ba, tambayi kanka: na karanta da idona, ko a waya na ji? Karin Magana 18:13 ta kira wanda yake ba da amsa kafin ya saurara wawa. Uban da yake neman a tambaye shi, dole ya zama mai bincike kafin ya ɗaga murya.

Kada kuma mu manta da mutumin da ke cikin zanen. 'Yan daudu ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Sun daɗe a tashoshin mota da kasuwanni suna sayar da abinci, ana ci ana zaginsu. Kowannensu ɗan wata uwa ne, rai ne kuma da Yesu ya mutu dominsa. Ubangijinmu ya ci abinci tare da waɗanda gari ya ƙi (Markus 2:15-17) bai kuwa amince da zunubinsu ba. Kana iya cewa kada a kawo shi ajin ɗanka, ba tare da ka jefe shi, ko ka ɗauki hotonsa ka watsa, ko ka koya wa ɗanka yi masa waƙar zambo ba. Idan kishin tarbiyya ya sa ka ƙin mutum, ka kare ɗanka daga abu ɗaya ka koya masa wanda ya fi shi muni.

Yanzu bari in juyo kanka. Yaushe rabonka da taron iyaye da malamai? Ka san sunan malamin ajin 'yarka? Ka taɓa buɗe jakarta ka ga littattafan da ke ciki? Wayar da kake miƙa wa yaro don ya bar ka ka huta, ka san abin da yake gani a TikTok? Da yawa daga cikinmu muna fushi ba a yi mana sallama ba, alhali ba ma gida, ƙofar kuma a buɗe muka bar ta. Eli firist ne, amma sakacinsa a kan 'ya'yansa ya jawo wa gidansa hukunci (1 Sama'ila 3:13).

A wannan zango, ka je makaranta da ƙafarka. Ka gai da shugaban makaranta cikin ladabi, ka roƙa a riƙa rubuta wa iyaye sunan duk baƙon da za a kawo da abin da zai yi, a kuma bar wanda bai yarda ba ya riƙe ɗansa a gida ba tare da tara ko tsangwama ba. Ka tafi tare da maƙwabcinka Musulmi, domin damuwarku ɗaya ce. Idan ɗanka yana riƙo a birni, ka yi wannan magana da mai riƙonsa. Idan kuma ka same shi a bayan rumbu da zane, kada bulala ta riga bakinka. Uwar nan zaunar da ɗanta ta yi, ta tambaye shi abin da ya gani, ta gaya masa yadda Allah ya yi shi da kyau, suka yi addu'a tare. Da hutu ya ƙare, ita da kanta ta raka shi Kano, ta nemi ganin shugaban makarantar.

Addu'a: Ya Uba, kai ka ba mu 'ya'yan nan. Ka gafarta mana sakacinmu. Ka cika mu da Ruhu Mai Tsarki mu tsare ƙofar zukatansu da hikima, mu faɗi gaskiya ba tare da ƙiyayya ba. Ka albarkaci malamansu, ka kuma jawo ɓatattu zuwa gare ka. Cikin sunan Yesu, amin.