KADA KIRSIMATI TA CINYE RUMBU

Kaka ta yi. Masara ta shiga gida, ana ɗaure dawa, ana ɗiban auduga, ga Kirsimati kuma ta matso. Akwai tambaya guda wadda ta kamata kowane maigida mai bi ya yi wa kansa tun bai buɗe rumbu ba: nawa zan kashe a wannan idi, a kan wa kuma zan kashe shi?

Mu da ke ƙasar Maska da Funtua da Malumfashi mun san Kirsimati takan zo daidai lokacin da hatsi ya fi araha, gama kowa ya girbe, kowa yana kaiwa kasuwa. 'Yan kasuwa su saya su kimshe a sito. A yawancin shekaru, mutumin da ya sayar da buhu a Dandume cikin Disamba domin anko da shinkafa da watandar saniya, shi ne zai koma awon tiya da tsada cikin Yuli da Agusta. Kuɗin taki kuma sai an ci bashi da ruwa. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 ba sai an faɗa wa kowa yadda kaya suka yi tsada ba. Hausawa sun ce, salla ta wuce ta bar wawa da bashi. Kada wannan magana ta cika a kan 'ya'yan Allah.

Amma fa kada wani ya ce murna zunubi ce. Littafi Mai Tsarki bai umurce mu da kiyaye ranar 25 ga Disamba ba. Shaidar farko ta kiyaye ta daga Roma take, a shekara ta 336. Duk da haka Ekklesiya ta yi daidai da ta keɓe rana domin tuna haihuwar Mai Ceto. A cikin Nehemiya sura 8 an sallami jama'a su je su ci mai daɗi, su sha mai zaƙi a rana mai tsarki. A cikin Markus sura 14 wata mace ta zuba wa Yesu turare wanda kuɗinsa ya fi dinari 300, kusan ladan ma'aikaci na shekara guda, Ubangiji kuwa ya tsauta wa masu gunaguni. Saboda haka rowa ba bangaskiya ba ce. Uban da ke da hali, ya hana yaransa nama da sabuwar riga da sunan ibada, bai nuna musu halin Ubanmu na sama ba.

To, ina iyakar? Mu dubi iyayen Yesu. Shari'ar Musa, cikin Littafin Firistoci sura 12, ta ce macen da ta haihu ta kawo ɗan rago. Idan ba ta da halin rago, ta kawo kurciya biyu ko 'yan tattabaru biyu. Luka sura 2 ya nuna mana tsuntsayen nan ne Maryamu da Yusufu suka kawo. Ba su ci bashin rago domin idon mutanen Urushalima ba, ko da yake Ɗan Allah ne a hannunsu. Allah kuwa ya karɓa. Wannan ne Bulus Manzo ya koya wa Korintiyawa cikin wasiƙarsa ta biyu, sura 8: Allah yana auna baiko da abin da mutum ke da shi. Ya kuma gargaɗi Timoti da ƙarfi a kan mai bi wanda ya ƙi kula da gidansa. Wanda ya sayar da abincin Agusta domin a yabe shi a Disamba, daga bakin 'ya'yansa ya ɗauko kyautar nan.

Sauran rabin tambayar, a kan wa? A al'adarmu akwai kyauta, akwai kuma biki. Biki shi ne abin da mace ke kai wa ƙawarta ran suna ko aure, ana riƙe da lissafi, ran nata sha'ani a mayar mata har da ƙari. Biki ba mugun abu ba ne, yana riƙe zumunci. Amma ajiya ce ke zagawa. Da yawa cikin abin da muke kira kyautar Kirsimati biki ne: kwano ya tafi gidan mai hali, kwano ya komo. Yesu ya ce cikin Luka sura 14, idan za ka yi liyafa ka kira waɗanda ba su da abin sāka maka. Haka Allah ya yi da mu a Baitalami. Ya ba da Ɗansa ga waɗanda ba su da abin mayarwa har abada. Nehemiya ma, da ya ce a ci a sha, ya ƙara da cewa a aika wa waɗanda ba su shirya kome ba.

Ba sai mun yi nisa wajen neman su ba. Ga gwauraye da marayu a cikin majami'armu. Ga waɗanda 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa, ba su yi noma ba, balle girbi. Ga masu bishara na EMS, ƙungiyar da aka kafa a 1948, wadda baikon talakawan Ekklesiya ke riƙe da ita. Ga kuma maƙwabtanmu Musulmi masu aiko mana da naman layya. Mu aika musu da namu, amma kada kwanon ya tsallake gidan matalaucinsu ya sauka gidan attajiri kaɗai.

Shawarata ga kowane gida ita ce, miji da mata su zauna tare kafin a kai hatsi kasuwa. Su fitar da na Ubangiji tukuna. Su ware abin da zai kai gidan har sabuwar masara, da iri, da kuɗin taki da na makaranta. Daga abin da ya rage su yi idi, a cikinsa kuma su sa rabon gida guda wanda ba zai iya rama musu ba. A ba yara su kai da hannunsu, domin su koya. Ku shugabannin Zumuntar Mata, kada ku ɗora anko wanda zai sa wata 'yar'uwa ta ɓuya a ɗaki ran Kirsimati saboda kunya. Ku dattawa, ku fara nuna gurbi.

Idan abin da ya rage kaza guda ce, a yanka ta da godiya. Wanda ya karɓi kurciya biyu daga hannun Maryamu ba zai rena ta ba. Allah shi ba mu zuciyar bayarwa tare da hikima. Amin.