Fenti Ba Ya Tayar Da Inji

A Kano da Zariya da Katsina, har zuwa Maraɗi da Damagaram, har gobe ba a rasa dattijon da ke fita kasuwa ko ɗaurin aure a kan babur ɗin da ya girmi 'ya'yansa duka. Wani Vespa ce, wani Honda Benly, wani kuma Suzuki ko Yamaha irin na da. Kujera ta sha ɗinki, fenti ya koɗe, madubi ma ɗaya ya rage. Amma bugu ɗaya zai yi wa kik, inji ya amsa. A gefen titin kuma ga matashi yana sharce gumi, yana tura babur ɗin da bai cika shekara uku da fitowa daga kwali ba, yana cigiyar bakanike. Duk mai hankali ya ga wannan ya san akwai abin lura.

Yawancin waɗannan tsofaffin babura sun shigo hannun mutanenmu ne a shekarun 1970. Bayan kwamitin Jerome Udoji ya miƙa rahotonsa a 1974, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙara wa ma'aikata albashi, har da ariyas. Malamin makaranta da akawu da malamin asibiti, waɗanda a da keke ne iyakarsu, suka wayi gari suna iya sayen babur. Vespa ta samu karɓuwa ta musamman, kuma da dalili. Kamfanin Piaggio na Italiya ya fara ƙera ta a 1946, wanda ya zana ta kuwa, Corradino D'Ascanio, injiniyan jirgin sama ne da ba ya son ƙazantar babur. Saboda haka ya rufe injin a gefe, ya haɗa shi kai tsaye da tayar baya ba tare da sarƙa ba, ya sa garkuwa a gaba ta tare laka, ya bar tsakiya a buɗe. Mai babbar riga sai ya tattara ta ya zauna, ya isa inda za shi fes, babu ɗigon baƙin mai a ƙafar wandonsa. Masu son nauyi da doguwar tafiya kuma suka raja'a kan Honda CD175, daga baya Road Master, masu silinda biyu da ƙara mai taushi.

In ka tambayi jama'a dalilin da ya sa waɗannan babura suka daɗe, amsa ɗaya za ka ji: ai kayan da ne, ƙarfen da ba irin na yanzu ba ne. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba. Baburan da aka shigo da su tare da na dattijon nan dubbai ne. Ina sauran? Tuni 'yan gwangwan suka ɗora mafi yawansu a sikeli, aka narkar. Ƙarfensu ɗaya, kamfaninsu ɗaya, wasu ma jirgi ɗaya ya kawo su. Abin da ya raba wanda ya rayu da wanda ya mutu shi ne hannun da ya riƙe shi.

Masu ƙera baburan su kansu sun san haka. A 1974 kamfanin Honda ya tura ma'aikatansa suka zagaya wasu ƙasashen Asiya don su ga yadda talakawa ke amfani da babur. Suka tarar ana lafta masa mutane da kaya fiye da ƙima, ba a juye baƙin mai sai ya lalace, ba a kai shi wurin gyara sai ya tsaya cak. Da suka koma gida suka ƙera CG125, wanda ya fito a 1975, da inji mai sauƙin haɗi wanda zai iya jure wa sakaci. Ya jure ɗin kuwa, shi ya sa aka yi ta kwaikwayonsa a ƙasashe da dama. Amma ko shi, in ka hana shi baƙin mai, watarana zai buga. Ba a taɓa ƙera injin da ya fi ƙarfin halin ko-in-kula ba.

Inda wannan magana ta fi fitowa fili shi ne wurin tayar da babur ɗin da ya daɗe a ajiye. Sau da yawa mai shi ne ya rasu, aka jingine shi a zaure, aka lulluɓa masa tsohuwar tabarma, shekaru suka shuɗe. Sai wata rana ɗan marigayin ya ji kewar mahaifinsa, ya ɗora babur a kura ya kai wa tsohon bakanike. Maganar farko da ke fitowa daga bakinsa kusan kullum ɗaya ce: "Baba, so nake a fesa masa fenti, a canza kujera, ya dawo dal." Bakaniken da ya san aikinsa zai zagaya shi, ya buɗe tanki ya sansana, ya ɗan taɓa kik da hannu, sannan ya ce, "Samari, fenti ba ya tayar da inji. Bari mu fara jin abin da ke cikinsa."

Ba zai hau kik da ƙarfi ba, domin fistin da ya daɗe a tsaye kan manne da jikin silinda, kuma bugu ɗaya na gaggawa ya isa ya karya ringi. Sai ya kwance filogi, ya ɗura ɗan mai ta ramin, ya bar shi ya jiƙa kwana da kwanaki, yana ɗan motsa shi kaɗan-kaɗan har ya saki. Tanki kuma ya cika da tsatsa. Zai cire shi, ya zuba kananzir da tarin ƙananan notina, ya yi ta girgizawa, ya juye jan ruwa, ya sake, har sai abin da ke fitowa ya yi haske. In aka tsallake wannan, duk gyaran da aka yi a ƙasa banza ne, domin tsatsar za ta gangaro ta sake toshe komai.

Sai a zo kan kafireta. Fetur ɗin da ya kwana shekaru a cikinta ya bushe ya zama danƙo mai wari. Bakanike zai shimfiɗa tsumma mai tsabta a kan benci, ya warware ta ɗaya bayan ɗaya, yana jera kowane ƙarfe bisa tsarin da ya cire shi. A ciki akwai wani ɗan ƙarfen tagulla da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, mai rami siriri wanda sai an ɗaga shi an saita da hasken rana ake ganin ko a buɗe yake. Ta wannan rami fetur ke bi. In ya toshe, babur mai nauyin kilo ɗari ya zama kayan ɗauka. Zai wanke shi, ya hura, ya sake ɗagawa ya duba, ba zai tsokane shi da allura ba don kada ramin ya faɗaɗa injin ya dinga zuƙar mai. Daga nan ya koma kan kwantak, ya goge bakinsa, ya daidaita tazararsa wadda ba ta kai rabin milimita ba. Robobin da ke tare mai da iska sun ƙeƙashe, dole a canza. Wayoyin kuloci da giya da birki sun ci tsatsa a cikin bututunsu. Tayoyi kuwa, ko da zanensu bai cinye ba, sun tsattsage a gefe, kuma tayar da ta tsattsage ba abin aminta da rai ba ce.

Wani lokaci aiki kan tsaya cik saboda ƙarfe ɗaya. Sai a shiga yawon nema, daga Ƙofar Ruwa a Kano zuwa Panteka a Kaduna, mutanen Yamai kuma su nufi Katako. Masu Vespa suna ɗan samun sauƙi, domin kamfanonin Bajaj da LML na Indiya sun daɗe suna ƙera irinta a da, kayansu da dama suna shiga. A nan ma ana gwada mutum. Ga jabu mai arha a gabansa yana ƙyalli, ga gangariya tsohuwa mai tsada da sai an jira. Wanda ya ƙosa ya ɗauki jabu, bayan wata biyu zai dawo a sake buɗe inji. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sai ranar da inji ya tashi, ya tsaya da kansa ba tare da an riƙe masa totur ba, aka zagaya da shi aka dawo, aka kwance filogi aka ga bakinsa ya yi launin ƙasa-ƙasa, ba baƙi ƙirin ba, ba fari fat ba, sannan bakanike zai ce, "To, yanzu kira mai fenti." Fenti shi ne na ƙarshe, kuma shi ne mafi sauƙi a duk aikin.

Wani dillalin kuwa daga ƙarshen yake farawa. Zai wanke babur, ya fesa masa fenti, ya manna sababbin sitika, ya goge taya da mai ta yi sheƙi, ya zuba baƙin mai mai kauri don ya danne ƙarar da inji ke yi. Mai saye ya gani ya yaba, ya biya. Kafin mako ya zagayo gaskiya ta bayyana. Wannan ba gyara ba ne, algus ne, kuma mai yin sa ya san abin da ya ɓoye.

Bayan an tayar da babur, aiki bai ƙare ba. Tsohuwar Vespa ba ta da wurin baƙin mai irin na Honda. A cikin fetur ake gauraya mata nata. Ga irin su PX, wadda ta fito a 1977, kashi 2 cikin 100 ne, wato mililita 20 a kowace lita. Ka rage don tsimi, inji ya ƙone. Ka cika da yawa, filogi ya toshe, hayaƙi ya turnuƙe unguwa. Mai ita yana yawo da ɗan ma'auninsa a akwatin gefe, ba ya kintace. Da safiyar hunturu zai ja cok, ya tayar da ita, ya ba ta mintoci ta ɗumama kafin ya sa giya. Ya san birkinta ba ya kamawa nan take, saboda haka tun daga nesa yake rage gudu. Ya san fitilarta ba ta haska nesa, saboda haka ba ya tsere da dare. Kunnensa na kan injin kullum. Sabuwar ƙara komai ƙanƙantarta, a ranar zai nemi dalilinta. Kuma ba ya barin ta ta yi wata a jingine, domin zama ya fi tafiya kashe inji. Ko a gidan tarihin kamfanin Honda da ke Motegi a Japan, wanda aka buɗe a 1998, ba goge ƙura kaɗai suke yi wa tsofaffin baburan ba, suna kula da su yadda za su iya tashi su yi tafiya.

To, mu dubi kanmu. Nawa daga cikin abubuwan da ke hannunmu muke yi wa riƙon dattijon nan, nawa kuma muke yi wa aikin dillali? Za a ce babban baƙo zai zo gari, cikin dare a shafe katangar makaranta da fenti, alhali rufin aji yana yoyo, yara suna zaune a ƙasa. Za a haƙa rijiyar burtsatse da miliyoyi, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto, bayan shekara ta tsaya saboda 'yar robar da kuɗinta bai taka kara ya karya ba, mata da yara su koma rafi. Ba a rasa kuɗin sabuwa, amma ana rasa mai duba tsohuwa, domin gyaran da ke cikin ƙasa ba ya fitowa a hoto.

A gidajenmu ma haka ne. Ana kashe abin da ake da shi da wanda babu a kan lefe da kayan ɗaki da taron biki, amma abin da ke riƙe aure bayan baƙi sun watse ba a ganin sa a bainar jama'a: cefane a kan lokaci, magana mai daɗi, tambayar me ke damun ki, ba da haƙuri tun ƙaramar magana ba ta girma ba. Magidanci zai ɗinka shadda mai tsada, amma shekara ta wuce bai je an auna jininsa ba, alhali hawan jini ba ya nunawa a fuska. Zumunci kuma, in aka jingine shi a zaure aka ce ai yana nan, ranar da aka buƙace shi za a tarar ya manne.

Ba cewa ake yi sabo ba shi da kyau ba. Baburan Boxer da Jincheng sun ciyar da gidaje masu yawa, kuma a cikinsu akwai waɗanda za su kai shekara 30 in sun samu mai riƙo. Ado ma ba laifi ba ne, Allah yana son tsabta da kyan gani. Maganar ita ce kowane abu da matsayinsa: ciki tukuna, sannan waje. Duk abin da aka ba ka amana ne, kuma barin sa ya lalace alhali kana da ikon kula da shi wani nau'i ne na almubazzaranci.

Ɗan'uwa mai karatu, in akwai tsohon babur a zauren gidanku, kada ka yi saurin kiran ɗan gwangwan. Kai shi wurin wanda ya san shi, ka zauna kusa ka ga yadda ake aikin, ka tafi da ɗanka shi ma ya gani. In kuwa babu babur, ba ka rasa wani abin da ka daɗe kana goge bayansa kana ƙyale cikinsa, ko lafiyarka ce, ko iyalinka, ko famfon unguwarku. Buɗe shi yau ka duba tun gyaran bai fi ƙarfinka ba. Allah ya ba mu ikon riƙe amana.