Filin Shaƙatawa da Bakin Mai Wa'azi a Shari'ar Amurka

Muhawarar da aka daɗe ana yi a Amurka kan 'yancin masu wa'azi da masu zanga-zangar addini a filayen shaƙatawa ta fi rataya a kan matsayin filin da kansa, wato ko mallakar hukuma ne da za ta ba wanda ta ga dama, ko kuwa amana ce da aka damƙa mata ta riƙe wa jama'a. A shekarar 1897 Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar da hukuncin da aka yanke wa wani mai wa'azi, William Davis, saboda ya yi magana a babban filin Boston ba da izinin magajin gari ba, bisa hujjar cewa hukuma kamar maigida take, mai iya hana baƙo shiga zaurensa. Wannan fahimta ta fara rushewa a 1939, a shari'ar Hague, inda aka bayyana tituna da filaye a matsayin wuraren da jama'a suka gaji taruwa da musayar ra'ayi a cikinsu tun kaka da kakanni. Daga nan aka sami abin da malaman shari'a ke kira dandalin jama'a, ma'ana wurin da hukuma ke iya tsara lokacin taro da gurbinsa da ƙarar lasifika, amma ba ta da hurumin zaɓen maganar da za a yi.

Waɗanda suka fi shan wahalar kafa wannan ƙa'ida su ne Shaidun Jehobah, ƙungiyar da a wancan zamani aka tsana saboda ƙin sara wa tuta da kuma sukar sauran coci-coci. A 1949 suka nemi izinin yin taro a filin garin Havre de Grace da ke jihar Maryland, inda babu wata rubutacciyar doka kan izini sai al'ada kawai, kuma an saba barin wasu ƙungiyoyi su yi bikinsu a wurin. Maimakon majalisar garin ta tambaye su yawan mahalarta ko tsawon taron, sai ta shiga yi musu tambayoyi kan tuta da kan yadda suke fassara Littafi Mai Tsarki, sannan ta hana su. Da suka yi taron duk da haka, aka kama masu jawabinsu, aka yanke musu hukunci. Kotun Ƙoli ta soke hukuncin a 1951, domin tambayoyin da kansu sun tona asirin cewa aƙidar ce aka ƙi. Bayan shekara 2, a shari'ar Fowler, lauyan jihar Rhode Island ya amsa da bakinsa cewa 'yan Katolika da Furotesta na iya yin ibada a filin Slater na garin Pawtucket, alhali an ci tarar Fowler, mai wa'azin Shaidun, saboda an ɗauki nasa a matsayin jawabi. Kotu ta ga cewa rarrabe huɗuba da jawabi aiki ne da bai kamaci alƙali ko ɗan sanda ba. Sai dai a wannan shekarar ta tabbatar da laifin wani mai suna Poulos, wanda aka hana izini ba bisa ƙa'ida ba, don ya yi gaban kansa maimakon ya kai ƙara.

Inda lamarin ya fi ɗaci shi ne idan wa'azin ya koma cin mutunci. A 2012 wasu masu kiran kansu Bible Believers suka shiga bikin Larabawa na garin Dearborn a jihar Michigan, inda Musulmi ke da yawa, ɗauke da kan alade a tsire jikin sanda da alluna masu aibata Musulunci, matasa suka jefe su da kwalabe, 'yan sanda kuwa suka ce su fice ko a tuhume su. A 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce 'yan sandan ne suka keta haƙƙi, domin sun ba masu jifa kujerar na-ƙi, wato sun bar fushin masu sauraro ya zama dalilin toshe bakin mai magana. Duk da cewa bikin a kan titi aka yi shi, ƙa'idar ɗaya ce da ta filin shaƙatawa.

Hujjar da ake yawan kawowa, cewa wanda bai so ji ba ya kau da kai, ba ta da ƙarfi sosai, domin magidancin da ya fito shan iska da iyalinsa bai zo muhawara ba, kuma zagin abin da mutum ke girmamawa ba ya gushewa don ya juya baya. Hujjar da ta fi tsayuwa ita ce ta rashin aminta da mai ba da izini, tunda jami'in da aka ba ikon tantance tsokana yakan auna ta da ma'aunin masu rinjaye a garinsa, kamar yadda majalisar Havre de Grace ta yi. Musulmin Dearborn suna da yawa a garinsu, amma tsiraru ne a ƙasar baki ɗaya, kuma dokar da ta tilasta musu haƙuri da kan alade ita ce kuma suke dogaro da ita idan suka nemi filin wani gari domin sallar Idi ko zanga-zangar lumana, wata hukuma ta so ta fake da tsoron tarzoma ta hana su.