Waƙar da Muka Ji Daɗinta, Wa Muka Biya?



Ranar Asabar ɗin da ta wuce, bayan mun sallame La'asar a ƙaramin masallacinmu na bakin layi, mun ratsa ta wurin mai shayi sai muka tarar da samari sun kai shida sun haɗa kai a kan waya ɗaya, gardama ta kaure. Wani mawaƙi ne daga Kano ya saki sabon albam, kowa ya sa an tura masa. Ɗaya ya rantse mutumin bai taɓa yin aiki kamar wannan ba. Wani ya ce ina, ai ya ƙare, muryar ma kwamfuta ce ta gyara masa, waƙa goma amma biyu ne kawai suka ji gishiri. Wani dattijo direban babbar mota da ke gefe ya ce duk yarinta ke damunsu, shi tun da Shata ya rasu a 1999 kunnensa bai sake jin waƙa ba, sai hayaniya. Da suka hango mu sai ɗayansu ya ce, "Yawwa, ga Malam. Malam, don Allah raba mana gardama."

Muka ce mu ba masana waƙa ba ne, wake da gero muke aunawa a Bodija, in liman ya yi tafiya mu ja salla. Amma ɗan kasuwa in aka nuna masa kaya, tambayarsa ta farko ita ce nawa aka saya. Suka ce ɗari biyu, wurin mai turi, har da ƙarin tsofaffin waƙoƙi kyauta. Muka ce to a cikin ɗari biyun nan nawa ya isa hannun mai waƙar? Aka yi shiru, sannan aka kwashe da dariya. "Haba Malam, ai yanzu ba haka ake yi ba."

Wannan dariyar ce ta sa muka ɗauki alƙalami. Kullum a unguwar nan muna gardamar waƙa ta yi daɗi ko ba ta yi ba, wasu kuma suna gardamar halas ce ko haramun. Tambayar da ba mu cika yi ba ita ce: abin nan da ke cikin wayarmu, namu ne?

Kafin mu ɗora wa yara laifi, bari mu fara da kanmu, don laifi tudu ne. A samartakarmu direbobin da ke kawo shanu daga Arewa su ne ke zuwa mana da kaset ɗin Shata da kalangunsa, da Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, da Musa Ɗanƙwairo. Mutum ɗaya ya saya, mu ashirin mu sayi kaset wanda ba komai a ciki mu kai a kwafe mana. Ba mu taɓa jin ko ɗar a zuciya ba. Daga baya faifan sidi ya zo, kasuwar Alaba ta Legas da Ƙofar Wambai ta Kano suka cika da shi, na gaske da na jabu a jere. Amma ko a lokacin, sau da yawa akwai ɗan kasuwar da ya sayi aikin a hannun mawaƙi, ya biya shi ko sau ɗaya ne. Yau kuwa waya ta kusanci waya, a buɗe Xender, kafin shayi ya huce albam ya gama ƙaura. Ke nan yaranmu ba su suka fara ba, a hannunmu suka gani, kayan aikinsu ne kawai ya fi namu sauri.

Abin da ya sa maganar ta tsaya mana a rai shi ne wata shari'a da aka kawo gabanmu bara. Akwai wani yaro ɗan unguwar nan, ba za mu kama suna ba, tela ne, Allah ya ba shi murya. Ya ranci kuɗi wurin wani bawan Allah mai sayar da goro, ya shiga situdiyo ya yi waƙa shida: huɗu yabon Manzon Allah (SAW), ɗaya kan biyayya ga iyaye, ɗaya kan zaman aure. Ya buga faifai ɗari da niyyar ya sayar ya biya bashi. Ya ba abokansa biyu su ji, kafin mako ya zagayo waƙoƙin sun shiga kowace waya a Sabo. Masu shayi na sawa, mata na sawa a wurin suna, kowa ya gan shi sai ya ce Allah ya ƙara basira. Faifan da ya sayar bai kai ashirin ba. Mai goro ya gaji da jira ya kawo ƙara, yaro ya zauna a gabanmu kansa a ƙasa, keken ɗinkinsa ake maganar sayarwa. Muna cikin sulhu wayarmu ta yi ƙara, ashe ɗanmu ya sa mana ɗaya daga cikin waƙoƙin ta zama ƙarar kira. Wallahi ba mu taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ga mai bashi, ga wanda ake bi, ga kuma mai sulhu da kayan yaron a aljihu bai biya ko sisi ba.

Mun san amsoshin da ake bayarwa, don mu ma mun ba kanmu su. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko a ce ai ba a ɗauke masa komai ba. Wanda ya saci buhun wake, mai wake ya rasa buhu. Wanda ya tura waƙa kuwa, waƙar tana nan wurin mai ita, kamar ka kunna fitilarka da wutar fitilar maƙwabci. Maganar tana da ƙarfi, har akwai malaman da suka tsaya a kanta, musamman in littafin ilimi ne. Sai dai mu tuna mai fitilar nan kananzir ya saya. Yaron da muka ba da labarinsa ya biya mai situdiyo, ya biya kuɗin mota, ya rufe shago kwana da kwanaki. Ba muryarsa muka ɗauke ba, cinikin da yake sa ran yi muka ɗauke. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta duba wannan mas'ala a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin marubuci da na mai ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta shi ba. Dokar ƙasa ma haka ta ce, sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 tana nan. Amma mu ba tsoron hukuma ya kamata ya hana mu ba. Mu da muke riƙe da mudu, ko kongo kamar yadda maƙwabtanmu Yarbawa ke cewa, mun san akwai sura guda a Alƙur'ani da aka buɗe ta da gargaɗi ga masu tauye awo, waɗanda in za su karɓa sai an cika musu, in za su bayar sai su rage. Mutumin da ya cika kunnensa da aikin wani sannan ya ba shi "Allah ya ƙara basira" kawai, ya duba ko ba shi da rabo a wannan gargaɗin.

Na biyu, wani zai ce ai kiɗa haramun ne, abin da yake haramun kuwa ba shi da farashi. To, saɓanin malamai a kan kiɗa da waƙa tsoho ne, ya girme mu duka. Littattafan da muka karanta a Islamiyya, irin su Risala, sun tsananta a kansa. Imam Gazali ya ware masa babi a Ihya'u ya yi bayani dalla-dalla, Ibn Hazm kuma ya sassauta. Waƙa ba tare da kayan kiɗa ba kuwa, Shehu Usmanu da 'yarsa Nana Asma'u da ita suka karantar da jama'a. Ba a wannan shafin za mu yanke abin da manya ba su yanke ba. Abin da muke cewa shi ne kowa ya riƙe matsayinsa da gaskiya. In ka ce haramun ne, madalla, goge ta daga wayarka, ka huta ka hutar. Amma ka ce mushe ne, sannan ka zauna ka cinye, in an kawo maganar kuɗi ka ce ai ba a sayen mushe, wannan kam wayo ne, kuma Allah ba a yi masa wayo.

Na uku, a ce mawaƙa ai ba da albam suke ci ba, wurin biki ake musu liƙi, 'yan siyasa kuma suna ba su motoci. Gaskiya ne ga kaɗan daga cikinsu, waɗanda sunansu ya riga ya fita. Amma a nan ne fa maganar ta dawo kanmu. Kullum muna kuka waƙar yanzu ta lalace, in ba zugar ɗan siyasa ba sai kalaman da ba za ka iya ji gaban surukinka ba. To wa ya bar mawaƙin a hannun waɗancan? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In mai kujera ne kaɗai ke biya, shi za a yi wa waƙa. In wurin rawa ne kaɗai kuɗi ke fita, abin rawa za a yi. Wanda ya zauna ya tsara waƙar tarbiyya, muka yaba muka tura wa juna ba mu ba shi komai ba, gobe ba zai sake ba, ko kuma ya koma inda ake biya. Ke nan ra'ayin da muke bayarwa a teburin mai shayi ba shi mawaƙi ke ji ba. Abin da ya shiga aljihunsa shi ne ra'ayin da ya isa gare shi.

Mu dubi maƙwabtanmu. Mun zauna da Yarbawa a Ibadan shekara da shekaru, mun ga yadda suka riƙe Haruna Ishola da apalarsa, da Sikiru Ayinde Barrister da fujinsa wanda ya samo asali daga waƙar tashin mutane sahur. Su ma masu kwafe ba su bar su ba, amma mutumin nasu in ya ji daɗin mawaƙi yakan ji nauyin ya fito da kuɗi a gaban jama'a. Mu ma da haka muke. Bahaushe bai san a yi masa kirari ya juya baya hannu rabbana ba, abin kunya ne. Waya ce ta raba mu da fuskar mai waƙar, kunyar ta tafi.

Saura maganar mai turi, kuma ita ce mai wuya. Shi ma ɗanmu ne. Da ɗari biyun nan yake sayen data, ya ci abinci, wani ma uwa yake ciyarwa. Ba mu rubuta wannan don a tashe shi daga rumfarsa ba. Akwai kuma mawaƙan da su da kansu suke sakin waƙa kyauta don sunansu ya zagaya a kira su biki, wanda ya yafe haƙƙinsa kuwa ba mai bin ka bashi. Abin da muke roƙon masu turi shi ne su bambance. Wanda aka sake kyauta, a tura. Wanda mai shi ya ce na sayarwa ne, musamman in ɗan unguwa ne da za ka iya takawa ƙofar gidansu, a zauna da shi a yi ciniki, ko naira hamsin ce a kan kowane turi a ware masa. Ciniki ne irin wanda muke yi kullum tsakanin mai kaya da dillali, ba baƙon abu ba ne a Sabo.

Mu masu saurare kuma abin da ke kanmu ba shi da yawa. In mawaƙin yana da shafinsa a YouTube ko Audiomack ko Boomplay, a ji a can, don ko yaya wani abu yakan koma masa, ba kamar memori ba. In yana sayar da faifai, a saya ko da ba za a kunna ba. In ɗan gida ne, a kira shi a damƙa masa a hannu. In ba ka da hali, ba wanda ya mutu don bai ji sabon albam ba. Kuma kafin mu buɗe baki mu ce wane ya ƙare, muryarsa ta mutu, mu tuna mutum ne mai iyali, cin namansa bai zama halas don yana waƙa ba. A faɗi aibin aiki in akwai, a bar mutuncin mai aikin.

Game da yaron nan tela, an yi sulhu. Mun tashi bayan sallar Isha'i muka ce duk wanda ya san waƙar nan tana cikin wayarsa ya kawo abin da ya sawwaƙa, muka fara ajiye namu. Bai biya bashin duka ba, amma keken ɗinki bai bar shago ba, mai goro kuma ya yafe wani abu, Allah ya saka masa. Abin da ya ba mu mamaki shi ne yawan waɗanda suka ce wallahi ba su taɓa tunanin akwai haƙƙi a ciki ba. Mun yarda da su, don mu ma sai da waya ta tona mana asiri.

Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Gara mu sauke na ɗari biyu a nan da a tsayar da mu a kansa ranar da ba naira. Allah ya yafe mana abin da muka ci ba da sani ba, ya ba mu ikon mayar da wanda muka sani, ya sa albarka a kasuwancinmu da zuri'armu, ya zaunar da unguwarmu lafiya da maƙwabtanta. Amin.