Ƙwayar Ciwon Sukari da Tsawon Kwana: Shin Ajali Yana Jin Magani?

Bahaushe idan mutum ya kuɓuta daga haɗari sai ya ce da sauran shan ruwa, idan kuma ya rasu sai ya ce kwana ya ƙare. Wannan magana ta zaunar da zukata tun kaka da kakanni. To sai ga wata ƙwaya mai araha, wadda ake sayarwa a farmasin Yamai da Maraɗi da Damagaram, ta tayar da tambaya: shin magani yana iya ƙara wa ɗan Adam kwana?

Sunan ƙwayar metformin. Asalinta yana komawa ga wani tsiro na Turai mai suna galega, wanda masu maganin gargajiya na can suka daɗe suna amfani da shi. An haɗa ta a ɗakin bincike a Dublin a 1922, aka yi watsi da ita, har sai a 1957 wani likita Bafaranshe, Jean Sterne, ya gwada ta a kan masu ciwon sukari, ya raɗa mata suna Glucophage, watau mai cin sukari. Aikinta shi ne rage sukarin da hanta ke zubawa cikin jini, da taimaka wa jiki ya ji insulin ɗinsa.

A kan marar lafiya, amfaninta ya tabbata. Babban binciken Ingila da ake kira UKPDS ya nuna a 1998 cewa a cikin masu ciwon sukari masu ƙiba, mutuwa ta ragu da kashi 36 cikin ɗari ga waɗanda aka ba ƙwayar, idan aka kwatanta da waɗanda aka fara bari da kiyaye abinci. Amma abin da ya girgiza mutane ya zo ne a 2014, lokacin da masana na Jami'ar Cardiff suka duba bayanan mutum kimanin 78,000 masu shan ta, suka ga kamar sun ɗan fi masu lafiya tsawon rai. Nan da nan wasu masu hali a Amurka, lafiyarsu lau, suka shiga haɗiyar maganin ciwon da ba su da shi.

Sai dai gaggawa aikin shaiɗan ce. Irin wannan lissafi yana da rami: ana ba da ƙwayar ne ga wanda ciwonsa bai yi nisa ba kuma ƙodarsa na aiki, idan jiki ya tsananta aka ƙara masa wani magani sai ya fita daga ƙidaya. Wani bincike na ƙasar Danmak a 2022 bai tarar da waccan riba ba. A kan ɓeraye ma, a 2013, ƙwaya kaɗan ta ƙara kwana da kusan kashi 6 cikin ɗari, amma da aka ninka ta sau goma sai ta gajarta shi. An kuma san tana rage bitamin B12 ga wanda ya daɗe yana sha. Saboda haka ne likita Nir Barzilai na New York ya tsara gwaji mai suna TAME, a kan tsofaffi 3,000 na tsawon shekara shida, ya kuma shafe shekaru yana neman kuɗin yin sa.

A nan ne tambayar ta bar hannun likita ta koma hannun mai tunani. Wani zai ce neman tsawon kwana jayayya ce da ƙaddara. Wannan ba ta tsayuwa, domin wanda ya rubuta ajali shi ya halicci sababi, kuma manomin da ya yarda arziki na Allah ne bai fasa shuka ba idan damina ta sauka. Ba wanda ya san kwanansa, don haka ba wanda zai ce shan magani ƙetare iyaka ne. A 1922, a Toronto, an yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurar insulin yana bakin mutuwa, ya ƙara shekara 13 a duniya. Mai imani zai ce dama yana da sauran kwana, likita zai ce insulin ce, kuma maganganun biyu ba su karo da juna.

Inda gizo ke saƙa shi ne bambanci tsakanin warkar da ciwo da gudun tsufa. Mai ciwon sukari da ke shan ƙwayarsa yana kare idonsa da ƙodarsa da ƙafarsa, yana kare ƴaƴansa daga maraici. Wannan amana ce, wanda ya bar ta da gangan da sunan tawakkali ya zalunci kansa da iyalinsa. Shi kuwa mai lafiya da ke shan ta don tsoron furfura, ya mai da tsufa cuta, alhali a ƙasar Hausa tsufa daraja ce, dattijo ake kira idan magana ta gagari yara.

Akwai kuma batun adalci. Ɗan Japan yana sa ran fiye da shekara 80, ɗan Nijar kuwa 60 da ƴan kai. Wannan tazara ba ƙwayar sihiri ta kawo ta ba, ruwa mai tsabta ne da rigakafi da asibiti kusa da gida. Masanan da suka gano insulin sun sayar wa Jami'ar Toronto haƙƙinta a 1923 kan dala ɗai-ɗai, don kada kuɗi ya raba marar lafiya da ita. Bayan shekara ɗari, da yawa a karkara ba su ma san suna da ciwon ba sai gyambo ya ƙi warkewa. Duniyar da ke neman ƙara wa mai 80 shekara biyar, ta bar mai 45 yana rasa ƙafa, ya kamata ta sake duba ma'auninta.

Aikin malamai da ƙungiyoyi a nan a fili yake: su koya wa jama'a cewa yawan ƙishirwa da yawan fitsari da rama ba dalili alamu ne na zuwa awon jini, kuma magani sai da izinin likita. Kwana na Mai kwana ne, amma kiyaye jiki an ɗora shi a wuyan mai jikin.